Yaro Ya Haddace Darasin, Amma Ba Shi Ke Riƙe Da Ludayi Ba: Fashin Baƙi Kan Ƙibar 'Yan Firamare A Makka Da Jidda

Ka tare ɗan aji huɗu a Hindawiyya ko Shara Mansur a Makka, ko a Karantina ta Jidda, ka tambaye shi tsakanin ruwa da lemon gwangwani wanne ya fi wa jiki amfani. Kafin ka rufe baki zai ce ruwa. Idan ka ba shi takarda zai zana maka farantin abinci mai lafiya, ga wajen ganye, ga na hatsi, ga na nama da madara, domin an koya masa a aji, an tambaye shi a jarrabawa, ya kuma ci. Amma ba mamaki yana ba ka amsar nan ne da gwangwanin a hannunsa, ledar shibs, wato soyayyen dankali, kuma na cikin jakar littattafai.

A nan gizo ke saƙa a maganar kare yara daga ƙiba ta hanyar ilimin kiwon lafiya. Yaro ɗan shekara takwas ba shi ke cefane ba, ba shi ke riƙe da ludayi ba, ba shi ke cewa a kashe fitila a kwanta ba, riyal biyar ɗin da ke aljihunsa ma wani ne ya miƙa masa da safe. Darasin da ya tsaya a kansa shi kaɗai an karanta shi ne ga wanda wuƙa da nama ba sa hannunsa. Ilimin yana da amfani, ni ma ina cikin masu kira da a ƙara shi. Sai dai kafin a ƙara, ya kamata a san wa za a koya wa, da wane harshe, kuma me za a canza a kewayen yaron daga ranar da aka koya masa.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma sun kai matakin da likita ke ɗaukar ƙibar a matsayin cuta. A 1990 kashi 2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru ne ke wannan mataki, a 2022 sun kai kashi 8. A nan Saudiyya, wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka wallafa a 2010, wanda ya auna yara sama da 19,000 'yan shekara 5 zuwa 18, ya samu kashi 23.1 da nauyin da ya wuce kima, kashi 9.3 kuma da ƙiba. Wannan fa tun kafin waya ta shiga hannun kowane yaro, kafin manhajojin da ke kawo abinci har bakin ƙofa, kafin kuma korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, inda 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2022. Kusan shekara biyu yaranmu suna zaune gaban manhajojin karatu daga gida irin su Madrasati, firiji na nan taku biyar daga inda suke.

Abin da ya sa ake matsawa a kan shekarun firamare shi ne ƙibar wannan lokaci ba ta cika sakin mai ita ba. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike da dama ya nuna yaro mai ƙiba ya ninka sa'ansa kusan sau biyar wajen yiwuwar girma da ita. Ciwon sukari nau'i na biyu, wanda a da sai manya, yanzu ana samunsa a 'yan sakandare. Ga hawan jini, ga kitse a hanta, ga minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci da ke sa yaro gyangyaɗi a aji, ga ciwon gwiwa da ƙugu, ga saurin balaga a wajen 'yan mata. Saudiyya kuwa tana cikin ƙasashen da ciwon sukari ya yi wa katutu, da wuya ka zaga danginka a Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, ka rasa mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar sukari. Yaron da gadon ciwon ke jininsa, ƙiba ita ce ke gaggauto masa da shi.

Idon kaka da ma'aunin likita

Likita ba da ido yake gane ƙibar yaro ba. Yana auna nauyi da tsayi, ya fitar da lissafin da ke tsakaninsu, sannan ya ɗora shi a kan jadawalin girma na yara masu irin shekarunsa da jinsinsa, domin abin da ya yi daidai ga ɗan shekara goma sha ɗaya yana iya yin yawa ga ɗan shekara shida. Jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 yana da layi biyu a sama da matsakaici, wanda ya haye na farko nauyinsa ya wuce kima, wanda ya haye na biyu yana da ƙiba. Aikin bai wuce minti biyar ba a duk ƙaramin asibitin unguwa, markaz sihhi ko mustausaf.

A gida kuwa da wani ma'aunin ake aiki. Yaro ya yi ɓulɓul, kumatu sun fito, wuya ya yi guru, sai a ce tubarkalla, uwarsa ta iya raino, gidan akwai hutu. Wanda jikinsa yake daidai kuma shi ake bi da tambaya, ko ba ya cin abinci ne, ko ba shi da lafiya ne. Zancen da ake yi a gidaje da yawa bai wuce wannan ba:

"Hajiya, likita fa ya ce a rage masa zaƙi."

"Wane irin likita kuma? Ke dai ki bar mini maigidana ya ci ya ƙoshi. Lokacin da ubansa ke ƙarami nema muke ya yi kumatu ba mu samu ba. Zo nan angona, karɓi."

Ban yarda a ɗauki maganar Hajiya a matsayin jahilci ba. Da yawa daga cikin iyayenmu mata da suka zo daga Kano, Damagaram, Maraɗi, ko suka biyo ta Sudan, sun ga yunwar farin 1973 da ta 1984 da idonsu. Sun san yaron da ya rame, ƙyanda ta kama shi, aka wayi gari babu shi. A duniyar da suka taso, tsokar jikin yaro ita ce garkuwarsa. Sun koyi darasi na gaskiya, zamani ne ya juya, hatsarin ya koma ta ɗaya ɓangaren. Duk mai wayar da kan da ya zo wa irin wannan tsohuwa da raini ya riga ya yi asarar kunnenta, alhali sau da yawa ita ce ke tare da yaro daga tashi makaranta har uwarsa ta dawo daga aiki ko daga kasuwa.

Wannan tunani ne kuma ke kai wasu ga bai wa yaro maganin buɗe ciki ba tare da likita ba, har da irin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu sinadarin kotizon ne, suna kumbura fuska da ciki, su raunana ƙashi da garkuwar jiki, su ɗaga sukari, su kuma tauye tsayin yaro. Wannan ba ƙiba ba ce ma, illa ce. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba, yaro na iya yin teɓa alhali yana da ƙarancin jini ko ƙarancin bitamin D, domin abincin da ya cika shi mai ne da sukari da farar fulawa.

Daga asuba zuwa tsakar dare

Idan ana son gane inda ƙibar ke shigowa, a bi yaro yini guda. Makaranta a nan da sassafe take farawa, daga Lahadi zuwa Alhamis, wajen ƙarfe bakwai an shiga aji. Rayuwar Hijaz kuwa ta dare ce. Ziyara sai bayan isha'i, kasuwa sai bayan isha'i, abincin dare kan kai ƙarfe goma sha ɗaya, yara kuma suna nan ido biyu tare da manya, kowa da waya a hannu. Masana barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya aka tashe shi ƙarfe shida ya samu rabin haka. Ƙarancin barci yana rikita sinadaran da ke sanar da jiki yunwa da ƙoshi, yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana kuma kashe sha'awar motsi. Yaron nan ba zai iya karyawa ba don cikinsa bai gama da shinkafar kabsar daren jiya ba, sai a cusa masa masarufi, wato kuɗin kashewa, a aljihu a ce ya saya a can.

Maƙsaf, wato kantin cikin makaranta, yana da doka. Ƙa'idojin da ma'aikatun ilimi da lafiya suka shimfiɗa sun hana sayar da lemon gwangwani, da abin shan ƙara kuzari, da shibs, da alawa. Amma dokar a bakin ƙofar makaranta take tsayawa. Ka tsaya kusa da baƙala, wato ɗan kantin da ke daf da kowace makarantar maza bayan azahar ka gani. Ƙofa na buɗewa za su ɓarko cikin fararen riguna, jaka na lilo a baya, rana na dukan kwalta har tana walƙiya. Mai baƙala ya riga ya san lokacin, ya jera kwalayen lemo masu sanyi a gaban firiji, shibs na rataye daidai tsayin idon ɗan shekara bakwai. Wani zai sayi Indomie ya murƙushe ta a cikin leda, ya zazzaga garin ɗanɗanon, ya ci ta ɗanya yana tafe. Cikin minti goma kuɗin da aka hana shi kashewa a ciki ya ƙare a waje.

A duk cikin abubuwan nan abin sha ya fi ɓarna, kuma shi ya fi sauƙin lissafi. Gwangwanin kola na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali kusan tara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 na abin da mutum ke ci a yini, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5. Ga yaron da ke buƙatar kalori kamar 1,600, kashi 10 ɗin giram 40 ke nan. Gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabonsa na yini kafin a zo ga shayin safe, da biskit, da kek ɗin leda. In kuwa gwangwani ɗaya yake sha a kowace ranar makaranta, a kwana 180 na shekarar karatu ya sha sukari kilo shida da ɗoriya. Sukarin da aka sha a ruwa kuma ba ya ƙosarwa, yaro zai sha ya zauna ya ci abincinsa cif.

Iyaye da yawa sun guji kola sun rungumi lemon kwali mai hoton mangwaro, suna ganin sun tsira. A lissafin hukumar, sukarin ruwan 'ya'yan itace da zuma duk suna cikin wanda aka ce a rage. Namu na gargajiya ma bai kuɓuta ba. Zoɓon da aka juye wa gwangwanin sukari, da kunun aya mai zaƙi cau, da furar da aka dama da madarar gwangwani mai sukari, duk hanya ɗaya suke bi. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka laifin duk na broast ne da shawarma da ma'asub. Tuwo abinci ne mai kyau, amma malmala uku da mai na yawo a kan miya an tsara su ne don mai zuwa gona, ba don yaron da zai tashi daga faranti ya koma kan katifa da waya ba. Abin da ya kamata mu riƙe daga tukunyar gida shi ne kuka da kuɓewa da zogale da rama da alayyahu, da wake, da dambu, da fate mai ganye, da gero da dawa waɗanda ba a cire musu dusa duka ba. Ful, wato dafaffen waken da ake sayarwa a kowane lungu shi ma karin kumallo ne na kirki in ba a nutsar da shi a man shanu ba.

Sai motsi. Ƙa'idar ita ce aƙalla minti 60 a kowace rana na wasan da ke sa numfashi ya ɗaga. Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi a garin da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere, a gidan haya mai ɗaki biyu a hawa na uku ko a saman dutse, ba tsakar gida, lungu kuma babura da motoci na ratsawa. Namiji yana samun ƙwallo bayan la'asar. Mace fa? Daga aji huɗu ko biyar an fara cewa ta girma, ta zauna a ciki. Uwarta a shekarunta tana gaɗa a dandali, tana 'yar gala-gala da tsallen igiya, tana zuwa ɗebo ruwa. Ita kuwa 'yar daga kujerar aji sai kujerar mota sai gado.

Abin da gwaji ya nuna

Hukuma ba ta zauna ba. A Yunin 2017 aka sa harajin kashi 50 a kan lemon gwangwani da kashi 100 a kan abin shan ƙara kuzari, a Disambar 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran abubuwan sha masu ƙarin sukari. Daga Janairun 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsu. A 2017 ne aka amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata, a shekarar ne kuma ma'aikatun lafiya da ilimi suka ƙaddamar da shirin Rashaƙa don rage ƙiba a tsakanin ɗalibai. Manufar 2030, wato shirin raya ƙasa na Saudiyya, ta sa burin ɗaga masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 zuwa kashi 40. Duk waɗannan suna gyara muhallin da yaro ke ciki. To, shi darasin kansa, yana aiki kuwa?

An gwada a ƙasashe da dama, sakamakon kuma yana da ban sha'awa. A garin Christchurch na kudancin Ingila, an shiga makarantun firamare shida da saƙo guda tak, a rage lemon gwangwani. Bayan shekara ɗaya, a azuzuwan da ba a koyar ba masu nauyin da ya wuce kima sun ƙaru da kashi 7.5, a waɗanda aka koyar kuwa ba su ƙaru ba. An wallafa wannan a 2004. Da aka daina darasin aka dawo bayan shekara biyu, bambancin ya gushe. A Jamus, a biranen Dortmund da Essen, an yi gwaji a makarantu 32 na unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. An kafa famfon ruwan sha, aka bai wa kowane yaro gora, aka haɗa da darasi huɗu kacal, sai hatsarin wuce kima ya ragu da kashi 31 idan aka kwatanta da makarantun da ba a yi wa komai ba.

Biyun da suka fi jan hankalina su ne waɗanda masu bincike na Jami'ar Birmingham ke da hannu a cikinsu. Na farko a yankin tsakiyar Ingila, makarantu 54, an ƙara motsa jiki, an yi bitar girki, an haɗa kai da ƙungiyar ƙwallon Aston Villa, aka shekara ana yi. Da aka wallafa a 2018, ba a ga wani canji na a zo a gani a jikin yaran ba, masu binciken suka ce da wuya makaranta ita kaɗai ta iya. Na biyu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, makarantu 40, yara 1,641. A can sun fara ne da binciken wa ke ciyar da yaro, suka tarar kakanni ne, masu ganin ƙiba alamar lafiya ce domin su ma sun ga yunwa. Sai suka shirya zama na musamman da iyaye da kakanni, suka gyara abincin rana na makaranta, suka ƙara wasa a makaranta da gida. A 2019 aka wallafa cewa nauyin yaran ya fi na takwarorinsu na makarantun da ba a yi wa komai ba daidaituwa. Bitar da ƙungiyar masu nazarin binciken lafiya ta Cochrane ta yi a 2019, wadda ta tattara gwaji 153, ta ƙarƙare a kan cewa tasirin irin waɗannan shirye-shirye yana nan amma kaɗan ne, kuma a shekarun firamare gyaran abinci shi kaɗai ba tare da motsa jiki ba bai cika nuna komai ba.

Abin da na fahimta daga nan shi ne saƙo ɗaya takamaimai ya fi littafi guda na nasiha, darasi yana kamawa idan an ajiye abin da aka koyar a gaban yaro kamar yadda aka ajiye famfon nan, yana gushewa idan aka daina, kuma yana ƙarfi idan ya isa ga mai tukunya. Koyar da yaro a mayar da shi gidan da komai bai canza ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Inda saƙon ke tsayawa bai ƙaraso mu ba

Hausawan Hijaz ba ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa, zuriyar da ta fitar da irin su Usama Hausawi da ya riƙe kambun kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙasar nan. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, da yaransu ke makarantun gwamnati ko na kuɗi. Akwai kuma waɗanda takardunsu ba su cika ba, yaransu na makarantun sa-kai da na allo da halƙoƙin hadda, wato da'irorin haddar Alƙur'ani. Shirin hukuma yana isa ga na farko kai tsaye, yana isa ga na biyu rabi da rabi, na uku kuwa ba mai auna su, ba malamin lafiya, ba filin wasa.

Ko a wajen na biyun, saƙon da Larabcin boko yake zuwa, a takarda ko ta manhajar makarantu ta Nur ko ta rukunin WhatsApp na iyaye. Kakar da ke jin Larabcin kasuwa kaɗai ba za ta karanta ba, sau da yawa yaron ne ma ke fassara mata, shi kuwa ba zai fassara maganar da za ta hana shi lemo ba. Wannan giɓi mu ne za mu cike shi, domin ba mai cike mana. Saƙon murya na minti biyu da Hausa, daga bakin wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa, ya fi fosta ɗari. A taron suna, a walima, a islamiyyar matan aure, a ɗauko gwangwani ɗaya da kofin gilashi, a ƙirga cokali tara na sukari a gaban kowa, a ce wa Hajiya wannan ne angonki ya sha ɗazu. Gani ya kori ji. A tambaye ta kuma yadda ake kwaɗon zogale da dambun da yara za su ci, domin ta fi kowa sani, kuma wadda aka nemi iliminta ba ta zama abokiyar gaba.

Uba ma yana da nasa kason, ba kaɗan ba. Shi ke shigowa da daddare da katan ɗin lemo da ledar broast don ya nuna ya tuna da yara, shi ke ba da masarufi. Idan ya mayar da tsarabar ta zama ayaba da lemon zaƙi da dabino da laban, wato nono, ya rage kuɗin aljihu a maye gurbinsa da abin da aka ɗaura daga gida da gorar ruwa, ya kuma ɗauki yaran, har da matan, zuwa mamsha, wato hanyar masu tattaki, ko bakin tekun Jidda bayan magariba sau biyu ko uku a mako, ya yi abin da malamin aji ba zai iya ba. Ba zai yiwu ya hana yaro abin da shi yake sha a gabansa ba.

Malaman hadda suna da damar da ba su cika lura da ita ba. Yara suna jin maganarsu fiye da ta kowa, kuma hujjar tana hannunsu, aya ta 31 a Suratul A'araf da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, ɗaya ga abinci, ɗaya ga abin sha, ɗaya ga numfashi. Sai dai a halƙoƙi da yawa ladan wanda ya kawo hadda alawa ce da lemon kwali, sadakar da masu hali ke aikowa ita ma katan-katan ce ta biskit. Yaron da aka saba wa cewa zaƙi shi ne sakamakon ƙoƙari zai girma yana saka wa kansa da shi. Alƙalami, littafi, ƙwallo, ko yabo a gaban 'yan'uwa duk sun wadatar. Kuma ba abin da zai rage wa karatu albarka idan aka ba yara minti goma sha biyar su zaga harabar da gudu kafin a zauna. Wata shugabar makarantar firamare a garin Stirling na Sikotland ta fara irin haka a 2012, ba kaya ba kuɗi, yau makarantu dubbai a ƙasashe da yawa suna yi. Ga 'yan mata, langa da tsallen igiya da gaɗa suna yiwuwa a kan soro ko a farfajiyar bene bayan rana ta yi sanyi.

Akwai abin da dole a kiyaye, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Kada a kunyata yaro. Singafo ta gudanar da wani shiri a makarantu daga 1992 inda ake ware masu ƙiba a ba su ƙarin motsa jiki, aka dakatar da shi a 2007 bayan koke-koken cewa yana jawo wa yaran tsangwama. Mu kuwa bakinmu bai da linzami a wannan fanni, lukuti, tumbi, buhu, duk a gaban baƙi. Yaron da ake yi wa dariya ba ya ragewa, ɓuya yake ya ci, ya kuma guji filin wasa inda za a ga yana haki. Ba a auna yaro a gaban aji, ba a raba masa tukunya daban, ba a sa shi rijim, wato takura cin abinci, irin na manya. Gidan ne gaba ɗaya zai canza, domin ɗan'uwansa siriri ma lemon ba ya masa amfani. Ga mafi yawan 'yan firamare ba ma rage nauyi ake nema ba, so ake nauyin ya tsaya tsayin ya kamo shi. A daina tilasta wa yaro sai ya share faranti in ya ce ya ƙoshi, a ci gaba da sa masa ganye ko ya ƙi, domin yaro kan buƙaci ya ɗanɗana sabon abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi.

Wasu alamomi kuwa na likita ne, ba na nasiha ba. Idan bayan wuyan yaro ko hammatarsa ta yi baƙi mai kauri da laushi, uwa na ta dirza da soso tana faɗan ba ya wanka da kyau, sau da yawa ba dauɗa ba ce, alama ce cewa jiki ya fara bijire wa insulin, kuma an fi ganinta a masu duhun fata irinmu. Haka yawan ƙishirwa da fitsarin dare, da minshari mai yankewa, da ɗingishi ko ciwon ƙugu, da yaron da ke ƙara ƙiba amma tsayinsa ya tsaya. Waɗannan a kai su asibiti, ko a fara da kiran layin ma'aikatar lafiya na 937.

Sai dogon hutu, wanda shirye-shiryen makaranta ba sa kaiwa gare shi. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna nauyin yara ya fi saurin hawa a hutun bazara fiye da lokacin karatu, a nan kuwa hutun yana faɗowa ne a tsakiyar zafi, lokacin da dare ke komawa rana, yaro ya kwanta bayan asuba ya tashi da la'asar. Azumi ma haka, ɗan shekara bakwai da bai ɗauki azumi ba yana cin na rana, ya zauna a kan sambusa da luƙaimat da Vimto da magariba, ya kuma tashi sahur. Saboda haka duk ƙungiyar unguwa ko islamiyyar da za ta ɗauki wannan aiki, ta fara tsara makonnin hutu da watan Ramadan tukuna, ta sa lokacin wasa tsayayye bayan la'asar ko bayan isha'i, ta samo wa 'yan mata wuri mai rufi da mace mai kula da su, ta kuma auna tsayi da nauyin kowane yaro a keɓe, a rubuta wa iyayensa a farkon hutu da ƙarshensa.